Akushin Surukina

Ko da tsufa zai sa in manta sunayen jikokina, ba na jin zan manta da ranin da surukina ya mutu da yunwa a gidan da rumbu uku ke cike da gero. Ni ce kuma mai dafa masa abinci. A Matameye aka yi wannan abu, tun Nasara ba su shigo ƙasar Damagaram ba. Ina da 'ya'ya biyu a lokacin, ina ji da ƙarfina, ina ji da hannuna a tukunya.

Surukin nawa, uban maigidana, bafatake ne a zamaninsa, kanwa yake kaiwa Kano a kan jakuna. Har ya tsufa ana labarin cinsa a gari, wai shi kaɗai yakan tashi da cinyar rago a zama ɗaya. Da matarsa ta rasu sai abincinsa ya dawo hannuna. Maigidana ya ja mini kunne, ya ce, "Baba ba ya cin abincin ragwaye. Tuwo ki tuƙa shi da tauri, nama kuma nasa ne kafin na kowa." Na ce to, har ina jin daɗi. Tuwona in ya kwana sai an sa wuƙa. Fura ma nakan bar masa gaya manya-manya a ciki, yadda maza ke so.

Ku da kuka zo yanzu ba ku san kunyar suruki ta wancan zamani ba. Shekara bakwai ina gidan, ban taɓa ɗaga ido na kalli fuskarsa ba. Shi kuma kullum da rawani, ya ja amawali ya rufe baki har hanci. Da can a zaure yake ci tare da abokansa, amma tun kaka ya ce a riƙa kai masa ɗaki, ba kuwa wanda ya tambayi dalili. In na kai akushi sai in durƙusa a bakin ƙofa, kaina a ƙasa, in ce ga abinci, in tashi da sauri. An jima in koma in tarar da shi a waje wayam, har an ɗauraye. In ce a raina, kai, tsoho da ci!

Sai ga shi yana ramewa. Kafin zafi ya kama sosai, rigarsa ta koma kamar an rataye ta a jikin sanda. Maigidana ya kira wanzami, aka yi masa ƙaho a baya, aka zuƙe ɗan jinin da ya rage masa. Aka ɗauko wata mai magani daga Dawce, ta dube shi ta ce ciwon shawara ne, ta hana shi mai, ta hana shi nono, ta ba da jiƙon sassaƙe da ya yi ta gudar masa da ciki. Furar tasa ta koma ta ruwa zalla. Maigidana ya yanka akuya ya ce in ƙara masa nama, na gasa na kai, akushi ya dawo wayam. Mata a bakin rijiya suka fara cewa mutum yana ci haka yana ƙarewa, ai an sa masa hannu ne. Ni ma na yarda. Har na daina gaida wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ba ta ji ba ta gani ba, Allah ya yafe mini.

Wata rana da hantsi na fita neman wata kazata da ta ɓoye wurin ƙwai. Na daɗe ina ganin kajin gidan suna rugawa bayan ɗakin Baba duk sanda na kai abinci, har ina murna sun yi ƙiba a rani. Na kutsa tsakanin ɗakin da danga, wurin da babu mai shiga. Nan na ga abin da kajin ke bi. Ɓarɓashin tuwo ko'ina, gayan fura ya bushe tsibi guda, ga yankan nama birjik, tururuwa na ja. Na ɗauki guda na juya. Yankan hannuna ne. Ya yi fari fat, an tsotse shi sarai, amma babu shaidar haƙori ko ɗaya a jikinsa.

Ban san sanda na faɗa ɗakin ba, ko sallama ban yi ba. Yana kwance a kan tabarma. Na durƙusa, naman na hannuna, na ce, "Baba, don girman Allah, me ke nan?"

Sai ya ɗaga hannu ya sauke amawalin. Wayyo Allah! Bakin ya shige ciki, babu haƙori sai guda biyu, su ma suna girgiɗi, dasashi ya kumbura ya yi ja. Ya ce, "Ba baki kaɗai ba ne, 'yar nan. Yawu ya kafe. Loma in ta kai maƙogwaro sai ta tsaya, in yi ta tari. Ruwan saman fura nake sha, sai miya in lasa."

Na ce, "Me ya hana ku faɗa? Wata nawa ke nan!"

Ya ce, "In faɗa wa wa? Ni, in buɗe baki in ce wa matar ɗana ta dama mini kunu kamar mai jego? Gari duka su ji? Kuma na ga wahalar da kike sha a kan murhu. Na ce kada akushinki ya koma da saura, ranki ya ɓaci."

Na fito ina kuka, na dama kunun gero ruwa-ruwa, na tace shi sau biyu, na aika rugar Fulani aka samo nono na zuba, na ce mai magani ta yi ta faɗanta. Na zauna a gabansa, ni da ban taɓa kallonsa ba, ina ba shi da ludayi. Ya sha uku, ya lumshe ido. Ya ce, "Ashe da daɗi. Da tun kaka na samu wannan." Na huɗu ya dawo da shi. Cikin ya riga ya ƙanƙance, ba ya riƙe kome. Na yi romo, na murje kabewa, na yi duk abin da na sani, a banza. Kwana tara ya ƙara. Maigidana ya zauna a zaure bayan an dawo daga maƙabarta, ba abin da yake maimaitawa sai, "Ni na ce a tuƙa da tauri." Ni kuwa ban sami wanda zan ɗora wa ba, don hannuna ne ya tuƙa.

Mutane suka ce kwana ne ya ƙare, haka ne, ba na jayayya da ikon Allah. Amma na san abin da na gani a bayan ɗakin nan, ba kuma ranar da ya bar ni. Yau ga ni, haƙorana sun zube, abinci ba ya yi mini ɗanɗano, loma biyu na ƙoshi, tuwon da nake taƙama da shi ba na iya haɗiyarsa. Sai yanzu na san a jikina cewa cikin tsoho da na saurayi ba ɗaya ba ne, abin da muke kira girmamawa kuma shi ya kashe bawan Allah nan. Ni dai ba na ɓoyewa, in matar jikana ta kawo nama nakan buɗe mata bakina ta gani. Ku kuma masu tsofaffi a gida, kada ku tsaya a bakin ƙofa ku duba akushi. Ku shiga, ku zauna, ku ga loma ta wuce. Ni da na yi haka sau ɗaya tak tun kaka, da na ciyar da surukina, ba kaji ba.