Zanen Inna Mai Kaji

Ku matso ku ji wani abu, shekarun baya ne sosai, lokacin Shagari, muna haya a Dutsin-Ma. Mahaifiyata ta rasu, da aka raba kayanta sai atamfarta mai kaji ta faɗo hannuna, zane da mayafi. Kaza ce da 'yan tsakinta, an jera su tun daga wannan baki har wancan. Ita take ɗaurawa duk Sallah. Inna ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, to in kewa ta taso, akwati nake buɗewa.

Maƙwabciyata 'yar Jos ce, mijinta malamin asibiti. Tana wani ɗinki da ta koya wajen matan cocinsu: yadi ɗaya tak za ta yayyanka ta harhaɗa, ya fito fure-fure masu gefe shida kamar saƙar zuma, kowanne daban. Ni kuwa sarkin zaman gida da surutu, kullum ina gindin kekenta. Har na iya a kan tsummoki.

Ran da na ga ɓera ya taɓa gefen mayafin, hankalina ya tashi. Na kwasa na kai mata, na ce abin rufa za mu yi, in riƙa kwana da shi.

Ta shafa zanen ta ce, “Ƙawata, kin tabbata? In almakashi ya shiga, kajin nan sun tafi fa.”

Na yi dariya na ce, “Madam, ina za su je, Kurfi cin kasuwa?”

Muka yanka shi gida shida, muka ɗora wani kan wani, muna soka allura ta idon kaza har ta fita ta idon ta ƙasa, don su hau daidai. Sannan muka fitar da ƙananan ƙyallaye masu kusurwa uku. In ka haɗa tsinin guda shida, sai fure ya buɗe. Fiffike ya zama tauraro, ƙafafu suka zama kamar zanen lalle. Wallahi ya yi kyau, matan layinmu har sallama suke a nuna masu.

Bayan girbi mahaifina ya zo daga Tamawa. Da ma in ya zo yakan ce in ɗauko masa zanen, ya ɗora a cinya yana kallon kajin. Ina rawar jiki na shimfiɗa masa aikina.

Ya duba ya ce, “Madalla. Wanga a Kano aka sawo?” Sannan ya ce, “Ɗiyata, ɗauko mani na innarki.”

Na ce, “Baba, ai shi ne.”

Ya sunkuya, ya bi furannin da yatsa ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Ni ma na durƙusa ina taya shi nema. Ko kaza ɗaya ba mu samu cikakkiya ba. Bai yi faɗa ba. Ya ninke ya miƙo mani, ya ce Allah ya yi albarka, ya tambayi buta. Har ya bar duniya bai sake tambayar zanen ba, kuma bai ƙara zancen Inna a gabana ba.

Ban sake taɓa wannan ɗinki ba. Yanzu tsufa ya zo, fuskar Inna ta fara ɓace mani, in na rufe ido sai in ga tsayinta kawai. 'Ya'yana ba su san ta ba, ba ni da abin da zan nuna masu in ce ga ta.

Don Allah ku faɗa mani, ku da kuka rasa uwa, da me kuke tuna fuskarta?