Goggo Mai Tanderu, Idon da Ya Ƙaryata Na'ura

Kafin masu shara su iso, Goggo ta riga ta buɗe ɗakin gwaje-gwaje. Za ta sa farar riga da safar hannu, ta goge sikeli, ta kunna tanderu, sannan ta zauna gaban ɗan turminta na dutse da bai fi tafin hannu ba. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Ba malama ba ce, ba ta da digiri, ma'aikaciyar ɗakin ce kawai, kuma ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Aikinta ferayit ne, wani gari dangin tsatsar ƙarfe da ake gasawa ya zama maganaɗisu. Iri biyu ne, kuma ba wanda ya kai ta iya bayaninsu. "Wannan mai taurin kai ne, in ya riƙe ba ya saki," haka take gaya wa sababbin ɗalibai. "Wancan kuwa ga saurin ɗauka, ga saurin mantuwa. Namu shi ne mu niƙa su lilis, mu gasa, har su zama abu guda."

Ni shaida ce. Lokacin da nake digiri na uku, wata tara ina gasa garin nan, na'urar awo tana fitar min da layi mai karyewa a tsakiya, alamar garin biyu sun ƙi haɗa kai. Saura mako shida wa'adin karatuna ya ƙare. Wata safiya Goggo ta same ni ina kuka. Sai ta je ta leƙa 'yar tagar tanderun, ta daɗe tana kallo.

"'Yar nan, share hawayenki, ba laifinki ba ne. Tanderun nan ƙarya yake yi."

Na nuna mata ma'aunin zafinsa: ɗari tara cif.

"Jan wutar ɗari tara ba haka yake ba. Wannan ya kusa dubu. Ƙwayoyin garin kumbura suke yi, shi ya sa ba sa jin juna."

Da Farfesa, mai duba aikina, ya ji, sai ya yi murmushi. "Goggo, yanzu idonki ne zai ƙaryata na'ura?"

"Ranka ya daɗe, ni dai a aro wani ma'aunin."

Aka aro, aka zura. Ɗari tara da tamanin! Farfesa ya cire tabarau yana kallonta. Kwana huɗu muna niƙa sabon gari tare, aka rage wuta, layin ya fito sumul.

Goggo, ke ce uwar tanderu. Ke ce kika yaye daktoci goma sha bakwai, amma a takardun binciken da suka fito daga hannunki, babu ko ɗaya mai ɗauke da sunanki. Da na faɗa miki wannan ya dame ni, cewa kika yi: "To, maganaɗisun dai ya kama ko bai kama ba?"

Wadda za ta gaje ki ta tambaye ki sirrin, kika ce: "Ki dinga tsayawa kina duba abin da kike yi. Shekara goman farko ne kawai masu wuya."

Mun gode, Goggo. Allah ya ba ki hutu mai albarka. Mu kuma da muka rage, kowa da aikin da ke gabansa, mu tsaya mu duba.