Buhun Shinkafar Zabarmari

Na san Yagana tun tana rarrafe, domin shagon da nake rubuta allunan talla a unguwar Moduganari yana jingine da katangar gidansu. Ni Jona, a makarantar mishan na koyi rubutu, zamanin da malami ke ɗora rula a kan littafinka ya auna tazarar da ke tsakanin harafi da harafi. Mahaifinta kuwa mai zanen hula ne, shi ke fitar da fasali da biro a kan farin ƙyalle kafin masu ɗinki su bi da zare. Tsakanin shagona da tabarmarsa yarinyar ta tashi. Tana shekara tara ta fara cike masa gefen hula. Tana goma sha biyu na ba ta burushina mai lamba huɗu, wanda ban taɓa ba kowa aro ba.

Da ta gama sakandare dangi suka ce aikin jinya, ita ta ce zane. Ta yi shekara biyu tana koyon tsara zane da kwamfuta a wata maɗaba'a, sannan ta kama rabin shago a Ajilari, tana yin katin biki da kalanda da tambarin shaguna. Na'urar nan ce ta kashe sana'ata, ban kuma ɓoye mata ba. Duk da haka nakan je in zauna a bencinta in duba mata tazarar haruffa.

Ina zaune ranar da Alhaji Babakura, dillalin shinkafa, ya shigo. Buhu yake so a tsara masa na shinkafar da yake sarowa daga Zabarmari. Aiki irin wannan bai taɓa shigowa shagon ba, kuma wanda ya yi wa Alhaji buhu, shi sauran dillalan layinsu za su nema.

"Giwa za ki sa mini," in ji Alhaji, "da rubutun nan na ƙasar waje mai lanƙwashe-lanƙwashe. Kada sunan garin ya fito."

"Don me, Alhaji?"

"'Yata, mutane 'yar waje suke so. Sunan nan kuma da an ji shi sai a tuna manoman da aka kashe a gona. Wa zai ci tuwo yana wannan tunani?"

"Waɗanda suka koma gonar fa? Giwa ce ta nome musu?"

Ta roƙi mako guda don ta nuna masa nata. Da ya dawo ta buɗe masa: koren buhu, an kewaye shi da zanen gefen hula irin na mahaifinta, sunan garin da manyan baƙaƙe, zangarniya a tsakiya. Alhaji ya duba, ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Malam Jona, zo ka ga 'yar boko! Wannan ai alkama ce!"

Gaskiyarsa. A intanet ta ɗauko hoton, zangarniya miƙaƙƙiya mai gashi. Ni ma sau biyu na duba aikin, na auna haruffa, ban lura ba, ga ni ɗan manomi. Na ji kunya fiye da ita.

"Wadda ba ta san shinkafa a gona ba, ita za ta koya mini sayar da ita?" in ji Alhaji. "Ki sa giwa, ko in kai Kano."

"Kuskuren zangarniya nawa ne, Alhaji, zan gyara. Giwa kuwa ba zan sa ba. Allah ya kiyaye hanyar Kano."

Washegari ta shiga motar Zabarmari, mahaifiyarta na ta faɗa. Lokacin girbi ne. Wani manomi mai suna Ba'ana ya bar ta ta zauna a bakin gonarsa da fensir da takarda. Kwana uku tana zuwa tana dawowa. Ta ce mini duk zangarniyar da ta zana sai ya leƙo ya ce, "Ƙara lanƙwasa ta, 'yar birni, tamu nauyi gare ta."

Alhaji bai jira ba. Buhunansa suka zo daga Kano da giwarsu, 'yan layinsu suka bi shi. Yagana ta koma katin biki. Amma ta sa aka buga mata nata buhun ɗaya tak da sabuwar zangarniya, ta cika shi da ɓuntun shinkafa, ta tsayar a ƙofar shago. Maƙwabta suka samu abin tsokana.

"Yagana, buhun naki bai haihu ba har yanzu?"

"Ku dai ku karanta sunan," take ce musu, "kyauta ne."

Wata biyu yana tsaye a wurin, rana ta fara cin korensa. Sai ga Ba'ana wata Laraba, ya shigo gari sayen taki, ya biyo ya gai da 'yar birni. Ya tsaya gaban buhun bai ko yi sallama ba. Ashe su goma sha ɗaya ne suka haɗa kai suna casar shinkafarsu da kansu, suna zubawa a tsofaffin buhunan wasu. Buhu ɗari biyu irin na Yagana suka sa aka buga musu. Na Alhaji dubbai ne, na sani.

Ranar da aka kawo su na fito da rulata. Tazarar harafin farko da na biyu ta ɗan yi faɗi, na kuwa faɗa mata.

"Baba Jona, da gangan ne. Don a gani daga nesa na yi."

Ban yarda ba. Na tsallaka titi, na cire tabarau, na juyo. Na karanta shi sarai.