Akwati Mai Rami Takwas

Ina tsaye a wani shagon kayan kwamfuta a Kaura Namoda, ina ta juya akwatunan raba intanet guda biyu, mai rami biyar da mai rami takwas. Katangar gidanmu ta laka ce mai kauri, sabis ba ya ratsa ta, dole sai an ja waya ɗaki-ɗaki.

Baba, wanda ko salula ba ta dame shi ba, shi ya nace sai ya rako ni. Ya karɓi akwatin yana leƙa ramukan.

"Kowane rami ɗaki guda na?"

"E, Baba. Ɗaki biyar ne, ƙaramin ya ishe mu."

"Ɗauki babban. Ka auno waya har ɗakin yayanka Sani."

Na dube shi. Shekara uku ke nan da Yaya ya yi fushi kan rabon gona ya koma Shinkafi, kuma Baba da bakinsa ya hana a ambaci sunansa.

"Baba, ai ɗakin a rufe yake."

"Ja dai. Kar ya dawo ya iske ba a sa da shi ba."

Na ja. Wayar tana nan naɗe a bakin ƙofarsa.

Jama'a, in kira Yaya in gaya masa, ko in jira Baba ya kira da kansa?