Ɗankwalin Ranar Canjin Hannu

Shekara uku wani tsohon ɗankwali ya yi a ƙasan akwatina, kuma ba na matata ba ne. Kakata Iya Rabi ce ta damƙa mini shi kwana biyu kafin ta rasu, ta ce in mayar wa mai shi hannu da hannu. Na ce to, da bakina. Daga nan kullum sai in ce gobe. Duk lokacin da na buɗe akwatin don ɗaukar wata riga sai na gan shi, shuɗi mai zanen ganye, ya koɗe, sai in ji kunya in yi maza in rufe. Mai ɗankwalin kuwa tsohuwa ce da ta haura tamanin, kuma na san irinsu ba sa jiran mutum ya gama shiri.

Ba zan iya bayyana nauyin wannan ƙyalle ba sai na koma tsakar gidanmu na Makera, inda na fara jin labarinsa.

Iya Rabi mahaifiyar mahaifiyata ce, sana'arta suyar gyaɗa. Da yamma take suya, bayan an idar da sallar magariba, a wani babban kasko cike da yashi. Idan bazara ta shiga, ɗakuna kan zama kamar tanda, ba mai iya zama ciki, sai mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida nesa kaɗan da murhu. Ni da ƙanwata Jamila aikinmu murza gyaɗar da ta huce a faifai, mu bushe ɓawon. Hadari yakan haɗu ta gabas, ya yi ta walƙiya, ya watse bai zubar da ko ɗigo ba. Iya ta ɗaga kai ta harare shi, ta ce, "Ka ji da shi, maƙaryaci." Sannan ta juyo gare ni, don ni take kira maigida, ta ce, "Maigida, ko dai ka rage cin jarina ko in kai ƙararka wurin alƙali."

Ba ta yi boko ba, ba ta san shekara da lamba ba. Kalandarta bazara ce. A ganinta duk wani babban abu a ƙasar nan sai ya jira zafi ya kai maƙura sannan ya faru. Akwai bazarar da aka ce Arewa ta samu mulkin kai, wadda ita abin da ta riƙe game da ita kawai sabon zanen da aka saya mata ne. Akwai bazarar da talabijin ya sauka Kaduna, suka taru su fiye da ashirin a tagar wani ma'aikacin jirgin ƙasa, wata tsohuwa ta durƙusa ta gaida mutumin da ke cikin akwatin, ta kuma yi fushi da bai amsa ba. Akwai ta rarraba jihohi, da ta komawar soja bariki. Ta husufin rana kuwa tare muka gan ta, ina ɗan saurayi, ta sa muka cika baho da ruwa muna leƙen ranar a ciki, ita tana salati tana kuma tsawata wa kajinta da suka nufi akurki da hantsi.

Tana da yadda take buɗe labari. Sai ta buga ludayin suya a bakin kasko, ta ce, "Ga wata bazara nan tafe." Mu kuma mu amsa da ƙarfi, "Ta zo mana da ruwa!" Idan ba mu ɗaga murya ba sai ta ce yau masu sauraro ba su ci tuwo ba, ta yi gum har sai mun sake.

Amma wadda muka fi roƙo ita ce bazarar canjin hannu, lokacin da gwamnati ta ce motoci su bar bin hagu su koma dama. Jamila ta daɗe tana ɗauka tatsuniya ce, don ta kasa yarda akwai ranar da ƙasa guda za ta wayi gari kowa ya sauya gefen titi.

Ga yadda Iya take ba da shi. Rediyo ta yi watanni tana faɗakarwa, ranar kuma ta faɗo Lahadi, Lahadin Ista, babban bikin Kiristoci. A lokacin gidan haya suke zaune, ita da kakanmu wanda ke aiki a masaƙa. Ɗakin da ke kallon nasu na Baba Dauda ne, direban tasi, da matarsa Mama Saratu, mutanen kudancin Kaduna. Baba Dauda ya shekara goma sha biyar yana tuƙi a hagu, sitiyarin motarsa ma a dama yake irin na da. Ya rantse ba zai taɓa mota ba sai an kwana bakwai, wai a bar masu gaggawa su gama karo da juna tukuna. Ya cire makulli ya ba matarsa ta ɓoye.

Da asubar ranar naƙuda ta kama Iya. Kakanmu ya riga ya tafi aikin safe. Ungozoma ta yi iya yinta har hantsi ya ɗaga, sannan ta fito ta ce abin ya fi ƙarfinta, in ba a kai ta asibiti ba za a rasa uwa da ɗa. Asibitin kuwa yana ƙetaren kogi. Mama Saratu ta riga ta ci ado za ta coci. Ta ajiye littafinta, ta ciro makullin daga cikin tukunyar da ta ɓoye shi, ta dangwara wa mijinta a hannu.

A nan Iya takan kwaikwayi muryar Baba Dauda tana karkarwa: "Saratu, yau fa? Hannuna bai san dama ba!" Sai ta miƙe wuya ta yi muryar matar: "Yau zai sani." Mama Saratu ta warware ɗankwalin Istarta sabo fil, ta ɗaure masa a wuyan hannun dama, ta ce duk inda ya rikice ya dubi ƙyallen, can ne hanyarsa. Ta shiga gaba kai babu ɗankwali, aka kwantar da Iya a baya.

Sun bi titi a hankali, Baba Dauda yana zufa kamar an watsa masa ruwa, suka haye gada lafiya. A shataletalen da ke gaba ne hannunsa ya koma gidan jiya. Ya karya hagu, sai ga babbar mota ta taho musu gaba da gaba.

"Ni ina baya ban san inda kaina yake ba," in ji Iya. "Saratu ce ta finciko hannun nan mai ɗankwali, ta daka masa tsawa, dama, Dauda, dama! Motar nan ta wuce mu har na ji iskarta. Ba don Allah ba don Saratu ba, da yau babu uwarku, babu ku, babu mai cinye mini gyaɗa."

Kafin azahar aka haifi mahaifiyarmu, shi ya sa har yau ake kiranta Ladi. Iya sai ta sauke kasko ta ce, "Nan bazarar ta tsaya, ruwa ya sauka." Mu kuwa washegari sai mu sake roƙo.

Ɗankwalin ya biyo kayan Iya daga asibiti. Ta wanke, ta kai wa mai shi, Mama Saratu ta ce, "Ajiye, zan zo in karɓa." Ko bayan da kakanmu ya gina nasa gida suka tashi, haka abin ya ci gaba. Na sha ganinta da idona tana shigowa da sallama tana cewa, "Rabi, na zo karɓar ɗankwalina." Su zauna, su ci gyaɗa, su yi gulmar mazajensu har rana ta yi sanyi, ta tashi ta tafi ba ta ko tambayi inda yake ba. Ina yaro na ɗauka mantuwa ce ke damunta.

Sai shekarun nan suka zo da garin Kaduna ya rikice, maƙwabta suka riƙa tashi kowa yana neman inda nasa suka fi yawa. Su Mama Saratu suka koma Unguwar Boro. Ba nisa ba ne a mota, amma a lokacin ya zama nisa. Iya ta ci gaba da aika mata ƙullin gyaɗa duk Ista ta hannun wani mai kayan miya. Baba Dauda ya rasu, ƙafafun matan biyu suka yi rauni, ziyara ta yanke. Da Iya ta ji jikinta ya ƙi, sai ta sa aka ciro ɗankwalin daga ƙasan kwallarta, ta ce, "Maigida, ka kai wa Saratu kayanta. Da kanka, ban ce ka aika ba."

Me ya hana ni? Zan iya cewa aiki, amma ƙarya ce. Nauyi nake ji. Ban san kowa a unguwar ba, ban san da wace fuska zan shiga ba, kuma kowace shekara da ta wuce sai kunyar ta ƙaru. Bara, ana saura kwana biyu Ista, 'yata ta ce in ba ta labari, na buɗe baki na ce ga wata bazara nan tafe, sai na tuna da ɗankwalin da ke ƙasan akwatina. Ran Lahadi da la'asar na sa matata ta soya gyaɗa, na ɗauki ɗankwalin na kama hanya, ina addu'a kada in tarar na makara.

Sai da na yi tambaya sau uku kafin wani mai shago ya nuna mini gidan. Na same ta zaune ƙarƙashin mangwaro, ta rame, idanun sun yi fari-fari, jikoki na ta kai da kawo da kwanukan shinkafa. Na durƙusa na ce, "Mama, ni ne Nura, ɗan Ladi, jikan Rabi ta Makera."

"Maigidan Rabi!" ta ce, ta lalubo kaina. "Ɓarawon gyaɗa. Sai yau?"

Na ba ta haƙuri, na sa mata ɗankwalin a hannu. Ta shafa shi, ta kai hanci. Hawaye suka bi kumatunta. Ta ce ta ji rasuwar, ƙafa ce ta hana ta zuwa. Don in sauƙaƙa mata, sai na ce mun tashi da labarin yadda ta finciko hannun Baba Dauda a shataletale ta cece su.

Sai ta fashe da dariya har da tari. "Haka ta gaya muku? Kai, Rabi! Ɗana, ni da na ga motar nan rufe idona na yi ina kiran Yesu. Kakarka ce, da naƙudar da komai, ta taso daga baya ta kama hannun Dauda ta ja, tana ihu dama, dama. Sati guda yana jinyar wurin da farcenta ya shiga. Ni ɗankwali kawai na ɗaura."

Shekara hamsin da ɗoriya, ashe kowace a cikinsu tana ba jikokinta labarin nan tana ɗora wa 'yar'uwarta jarumtar. Har yau ban san wadda ta faɗi daidai ba, kuma na daina son sani. Ina yaro na ɗauka labarin na canjin hannu ne da direban da ya tsorata. Sai a ƙarƙashin mangwaron nan na gane Iya ba tarihin ƙasa take koya mana ba. So take mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa, ko bayan ba ta.

Da na tashi tafiya, Mama Saratu ta karɓi gyaɗar ta ce za a daka mata, don haƙoran sun yi ritaya. Sannan ta ninke ɗankwalin a kan cinyarta, a hankali, ta miƙo mini.

Na ce, "Mama, ai naki ne. Cewa ta yi in kawo miki."

"Na sani," ta ce. "Ka kawo, na gani. Tafi da shi ka ajiye. Baɗi ka sake kawo mini, ka zo da Ladi da yaran."

Yana nan a akwatina, amma yanzu a sama yake. Zafi ya fara, mangwaro ya nuna, jiya kuma 'yata ta tambaye ni saura kwana nawa Ista.