Likitar Kunnen da Na Ƙirƙira a Kalgo

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya daga Sakkwato, mu uku: ni, direba, da baƙuwarmu 'yar ƙasar Japan. Ni malamin zane ne, ina jin Turanci, asalina kuma Kalgo, shi ya sa aka haɗa ni da ita in yi mata jagora da tafinta. Tun da na sa hotonmu a wannan shafi kuke tambayata yadda tafiyar ta kasance. Na so in ba ku rabin da ya yi daɗi in yi shiru, amma raina ya ƙi kwanciya.

Sai na fara gaya muku aikinta, don daga nan matsalar ta taso. A ƙasarsu ana ba ta babban ɗaki wanda babu komai a ciki, sai ta rataya abubuwa daga rufi da siririn zare: guntayen gora, takarda, ƙananan ƙarafa. Wasu takan maƙala musu ɗan inji mai girgiza irin na cikin waya. Idan mutum ya shiga, iskar tafiyarsa kaɗai ta isa ta kaɗa su, su riƙa taɓa juna, ɗakin ya ɗauki amo kamar yayyafi a kan kwanon rufi. Ka tsaya, su lafa. Ka motsa, su amsa maka. A lungunan ɗakin kuma akwai ƙananan sifiku masu sakin sautukan da ta ɗauko a yawonta. Na ga bidiyon a wayarta. A wannan karon sautin fadamun Kebbi ta zo nema.

Hanyar Bodinga zuwa Shagari ba laifi, sai manyan motocin albasa da ke tilasta wa direba sauka gefe. A kowane shingen jami'an tsaro sai an leƙo an ce, "A'a, 'yar Chana!" Ita kuma ta sunkuyar da kai ta ce Japan, cikin haƙuri, kamar ranar ta fara faɗa. A Tambuwal muka karya da kunu da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ya girma, direba ya ce shi da man fetur uwa ɗaya ta haife su. Daga nan muka saki babban titi muka nufi Gwandu.

Kasuwar Gwandu ta cika mata kunne. Ta tsuguna gaban wata Bafulatana mai fura, ta nemi izini ta bakina, ta ɗauki ƙarar ludayi yana zagaya ƙwarya. Bayan ta gama ta sha furar har ta nemi ƙari. Kayan aikinta ba su da yawa: wani babban abin sauraro da take kifawa a kunnuwa, da makirfo mai gashi a kan doguwar sanda, sai wani ɗan faifan ƙarfe mai waya da take ɗorawa a jikin abu don ta ji motsin cikinsa. Wannan faifan, in ka gan shi daga nesa, sak abin da likita ke ɗora wa mutum a ƙirji.

A gonakin rani na wajen Kambaza ta ɗora shi a kan bututun injin ban ruwa, ta miƙo mini abin sauraron. Ruwan yana bugawa a ciki kamar zuciyar bijimi. Ni ne mai riƙe sandar makirfo, kuma har zuwa lokacin ina riƙe da ita da alfahari.

A nan wani tsohon abokin karatuna ya tsaya da babur, ya ƙare mini kallo. Lokacin wani jaki ya fara kuka, baƙuwar ta yi mini alama in juya sandar wajensa.

"Kai, Malam!" in ji shi. "Duk bokon nan da kay yi, ashe riƙon sanda kaka yi ma jaki?"

Manoman da ke wurin suka fashe da dariya. Ni ma na yi, amma tawa ba ta wuce haƙora ba. Maganar ta bi ni cikin mota har muka ratsa gefen Birnin Kebbi muka gangara Kalgo bayan la'asar.

Gidan Kawu muka sauka, ƙanen mahaifiyata, wanda ya riƙe ni ina ƙarami. An yi mana tuwon shinkafa da miyar yakuwa da kifin gulbi. Mata suka ja baƙuwar cikin gida, ni kuma na zauna a ƙofar gida da Kawu da maƙwabtansa. Bayan an gama gaisawa, ya tambaye ni a gaban kowa.

"Wagga baƙuwa taka, mi ne aikinta? An ce an gane ta tana auna bututu."

Na buɗe baki in ce tana rataya gora da takarda a ɗaki don mutane su shiga su ji ƙara. Sai na hango dariyar da za a yi. Na hango Kawu, wanda ke gaya wa mutane ɗansa babban malami ne a Sakkwato. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Likita ce, Kawu. Bincike take yi a kan kunne da yadda mutane ke ji."

Kowa ya gyaɗa kai. Wani ya ce madalla. Na ji daɗin yadda aka dube ni, wannan ma sai na faɗa muku.

Da safe hayaniya ce ta fito da ni. Ashe labarin likitar kunne ya bazu tun cikin dare, ƙofar gidan Kawu ta cika. An shimfiɗa tabarmi, mutane sun jeru: tsofaffi masu dafe da kunne, wata uwa da jaririnta mai kunne na ruwa, wani mai walda da ya ce kansa na ƙugi. Kawu da kansa yake tsara layi, ya sa babbar rigarsa. A gaba-gaba akwai wani magidanci da ya taso daga Diggi a kan babur da matarsa. Ya bar shinkafarsa ranar da take jiran ruwa. Ya ce zazzaɓi mai tsanani matar ta yi bara, ta tashi ba ta ji. Ta ci ado da sabuwar atamfa, ta sa kwalli. Da baƙuwar ta fito da abin sauraronta a wuya, matar ta miƙe ta ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryarsa, "Likita, sannu da zuwa!"

Baƙuwar ta juyo ta tambaye ni ko biki ake yi.

Ban taɓa jin Turanci ya yi mini nauyi kamar ranar ba. Na gaya mata abin da na ce jiya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta cire abin sauraron, ta naɗe wayarsa a hankali, ta ce, "Ka gaya musu. Yanzu."

Na fara jan Kawu gefe. Ya saurare ni har na gama, fuskarsa ba ta canza ba, sai ya ce, "Da bakinka ka faɗi, da bakinka za ka kwance. Ni ba ni cewa komi."

Na tsaya a gaban mutanen da suka san uwata, na ce wannan baƙuwa ba likita ba ce, ba ta ba da magani, ni ne na yi ƙarya. Wani ya tambaya, "To don mi?" Jaririn nan ya fashe da kuka. Baƙuwar ta matso kusa da ni, ta haɗa hannuwa a gabanta, ta duƙa har kusan rabin tsayinta, ta daɗe a haka. Haƙuri take ba su a kan laifin da ba nata ba. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige.

Mutane suka fara naɗe tabarmi. Wasu sun yi tsaki, wasu sun yi dariya, mafi yawa ba su ko dube ni ba. Matar Diggi kaɗai ce ba ta san abin da ya faru ba. Tana ta murmushi tana jiran a kira ta. Na tsaya ina kallon mijinta yana yi mata bayani da hannu: ya nuna baƙuwar, ya nuna kunne, ya kaɗa hannu alamar a'a. Murmushin ya ɗauki lokaci kafin ya gushe.

Don in rage wa kaina zafi, na raɗa wa baƙuwar cewa ta ɗora hannun matar a kan ɗan injinta mai girgiza, ko ta ji sauti ta fata, ko ta ɗan yi farin ciki. Ta dube ni ta ce, "Ba wannan ta zo nema ba." Na sake jin wata kunyar a kan ta farko.

Baƙuwar ce ta ce a fitar da kayanta daga mota. Ranar ba a ɗauki sautin komai ba. Direba ya yi ta jigilar waɗanda suka yarda zuwa asibiti a Birnin Kebbi, muna tare da su. An ba jaririn magani. Wani tsoho aka wanke masa kunne, ya fito yana cewa a rage surutu, ashe garin haka yake da hayaniya. Matar Diggi kuwa, likitan ya duba ta ya ce abin ya fi ƙarfin kayan aikinsu, sai an je Sakkwato an yi gwaji, kuma bai cire rai ba. Na karɓi lambar mijin, na ce in sun zo gidana za su sauka.

Washegari da hantsi, kafin mu tafi, baƙuwar ta rataya ƙoƙuna da karan dawa da 'yan ƙarafa a reshen darbejiyar ƙofar gida, ta ce in faɗa wa Kawu ainihin aikinta. Na faɗa, cikin jimloli kaɗan. Kawu ya tashi ya ratsa ta ƙarƙashinsu, rigarsa ta kaɗa iska, ƙoƙunan suka yi ta ƙwanƙwasa juna. Ya tsaya, suka yi shiru. Ya koma ya sake ratsawa.

"Wanga ne?" in ji shi. "To mi ab abin ɓoyo a nan?"

Ba wanda ya yi dariya. Wani maƙwabci ma ya ce a ƙara gwangwani, zai fi amo.

A hanyar komawa ta Jega muka bi. Titi ya yi kyau, albasa ta yi araha a bakin hanya, direba ya cika bayan mota da ita. Baƙuwar ta yi mini magana kamar kullum, ta tambayi sunayen itatuwa, har ta raba mana alewar ƙasarsu. Da ta yi fushi da ya fi mini sauƙi. Mun shiga Sakkwato ana kiran magariba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da tsawo. Mutanen garinmu ba su kasa fahimtar komai ba. Ni ne na yanke musu hukunci tun kafin su ji. Na ji tsoron dariyar minti ɗaya, na sayi mutunci da begen marasa lafiya. Kuma na ɗauka da na tsaya na amsa laifi, magana ta ƙare.

Jiya na kira mutumin Diggi in ji ranar da za su zo gwajin. Ya gaishe ni da kyau, ya tambayi iyali, ya tambayi ko baƙuwa ta sauka lafiya. Sannan ya ce matarsa ta ƙi zuwa.

"Malam, na yi da hannu, na yi da baki, ba ta gane zancen ƙarya ba. Abin da tag gani shi ta riƙe. Ta ce likitar da ta zo daga bayan teku ta dube ta, ta duƙa ta ba ta haƙuri. Ta ce in waccan ta kasa, mi za a yi mata a Sakkwato?"