Kabarin Ɗahiru da Ya Karkace

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar ƙanena Ɗahiru, amma sai a watan jiya na san yadda aka binne shi. 

Tare muka baro Katsina. Ni na zauna a Makka ina ɗinki a unguwar Mansur, shi kuwa rabo ya kai shi wani ɗan ƙauye a duwatsun Ostiriya, inda ba a jin komai sai Jamusanci. Can ya zama makiyayin shanun ƙauyen, ya hau dutse da su lokacin zafi, ya sauko kafin ƙanƙara. In ya bugo waya ba ya gajiya da labarin mutanen, wai har ado da furanni suke yi wa shanu ranar saukowa. Ni tambayata ɗaya ce: "Akwai masallaci?" Sai ya ce, "Babu, Yaya, amma akwai alƙibla."

Da ya rasu aka turo mini hoton maƙabartar. Ga coci a tsakiya, ga kaburbura a jere reras, nasa kaɗai ya karkace can jikin katanga. Nan take na yanke hukunci: ya bar addini, su ma sun yar da shi gefe. Na ƙi yi masa sallar ga'ib. Mafi muni, haka na faɗa wa Inna. Ta ƙara shekara uku a duniya, ba ta sake kiran sunansa ba.

A watan jiya wani dattijo ɗan Bosniya ya zo Umra, ya yi ta cigiyata har shago. A garin da ke ƙasan ƙauyen yake zaune, kuma shi ya yi wa Ɗahiru wanka da salla. Da gurgun Larabcinsa ya ba ni labari. A al'adar ƙauyen duk kabari coci yake kallo, don haka sai da mutanen ƙauye suka yi zama biyu kan ko a juya nasa ya kalli alƙibla, wasu tsofaffi suka ƙi. Tsohuwar da Ɗahiru ya zauna a gidanta ta ja su zuwa ɗakinsa, ta nuna musu inda katakon ƙasa ya goge, wurin da yake tsayuwa sau biyar kullum. Kafintansu ya ja zare daga nan ya auna. Da wannan awon aka haƙa.

Dattijon ya dube ni ya ce, "Ya Hajji, ba karkacewa ya yi ba. Nan yake kallo."

Ya miƙo mini dardumar Ɗahiru. Tsohuwar ta adana ta duk shekarun nan tana neman wanda zai iya shiga Makka. Har yau, in ji shi, gidajen ƙauyen karɓa-karɓa suke yi wajen share kabarin.

Da Ɗahiru zai gan ni yau, na san ba zai yi faɗa ba. Dariya zai yi ya ce, "Yaya, ai na gaya maka." Inna ce ban san abin da zan ce mata ba.

Mutanen da ba su taɓa ganin Ka'aba ba sun juya masa fuska gare ta. Ni da nake ganinta kullum, shekara goma sha ɗaya yana fuskantar inda nake, na ba shi baya. Jiya na shimfiɗa dardumarsa a Harami na yi masa addu'a, na kira sunansa da ƙarfi, sau ɗaya a madadina, sau ɗaya a madadin Inna.